Dusar Da Muke Zubarwa Da Ciwon Sukari

Jawabin da editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci:

 

Yau zan yi magana kan ciwon sukari, wanda a da ake cewa ciwon masu kuɗi ne, amma yanzu ya iso ƙauyuka.

Idan muka ci tuwo, jiki yakan mai da shi sukari ya shiga jini. Akwai wata tsoka a bayan tumbi, likitoci na kiranta fankiriyas. Ita ke fitar da sinadarin insulin, wanda aka gano a 1921 a ƙasar Kanada. Insulin ke shigar da sukari cikin tsokoki ya zama ƙarfi. In ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini. Daga nan sai yawan fitsari, ƙishirwa, rama, da gyambon da ba ya warkewa.

To, ina ruwan dusa? Dusar gero da dawa, ɓawon wake da ganyen miya suna da wani ɓangare da ciki ba ya iya narkarwa. Yakan wuce har babban hanji. A can akwai ƙananan halittu masu amfani, waɗanda ido ba ya gani. Su ke cin wannan saura, su fitar da sinadarai uku masu tsami: asitet, furofiyonet da butiret. Waɗannan su ke taɓa bangon hanji, shi kuma ya saki wani ɗan aike mai suna GLP-1. Ɗan aiken yakan sa fankiriyas ta ƙara insulin idan sukari ya hau, ya rage saurin fitar abinci daga tumbi, ya kuma sa mutum ya ji ƙoshi.

A 2018 masana a ƙasar Sin sun ba masu ciwon sukari abinci mai yawan dusa da ɓawo. Halittun nan suka ƙaru, sukarin jininsu kuma ya sauka fiye da na waɗanda ba a ba su ba.

Jama'a, mu duba halinmu. Muna surfe hatsi har ya yi fari tas, mu ba akuya dusar. Muna sayar da wake mu sayo biredi da lemon kwalba. Ashe maganin na cikin rumbunmu!

Iyaye mata, a rage surfe. A yawaita wake, zogale, rama, kuka da kuɓewa. A ƙara su sannu a hankali tare da shan ruwa, don gudun kumburin ciki.

Amma a kula: abinci ba ya maye gurbin magani. Wanda likita ya ɗora a kan allura ko ƙwaya kada ya bari. Wanda ya ga alamun da na faɗa ya je asibiti a auna jininsa.

Allah Ya ba mu lafiya.