Mabuɗin Kanti Ya Koma Cikin Waya

Yau maganarmu a kan dukiyar mai ƙaramar sana'a ce, da yadda zai tsare ta.

A da, in mutum ya yi ciniki a kasuwar Batsari, ko ta Runka, sai ya ƙulle kuɗinsa a lalita ya kama hanyar gida. Can kuma ya zuba su cikin akwati, ya sa kwado, ya rataya mabuɗin a wuyansa. Yanzu zamani ya juya. Mai hatsi, da mai rogo, da tela, da mai shayi, da yawansu kuɗinsu yana banki, bankin kuwa yana cikin waya. Ashe waya ta zama akwati ke nan. Mabuɗinta shi ne lambar sirri, ƙwaya huɗun nan da mutum kan danna kafin kuɗi su fita.

Mun ga haka da idonmu a farkon shekarar 2023. Babban Bankin Nijeriya ya sake takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya ƙwarai. Tilas mutane suka koma taransifa da wurin masu POS. To, duk inda dukiya ta koma, can ɓarawo yake bin ta. Ɓarawon yanzu ba ya haura katanga, ba ya fasa kwado. Kiran ka zai yi da murya mai daɗi, ka ba shi mabuɗin da hannunka.

Ga yadda yakan yi. Ya ce shi ma'aikacin banki ne, za a rufe asusunka in ba ka faɗi lambobinka ba. Ko ya ce sunanka ya fito a tallafin gwamnati. Sa'an nan wata lamba ta shigo wayarka, ya ce ka karanta masa. Da ka karanta, shi ke nan, kuɗi sun tafi. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ku riƙe wannan da kyau: banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri. Wanda duk ya tambaya, ɗan damfara ne. Ka kashe wayar, ka je bankin da ƙafarka.

Haka kuma BVN, wadda aka fito da ita a 2014, da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Kowacce ƙwaya 11 ce. Kada ka karanta su ga muryar da ba ka san mai ita ba. In kuwa kana talla a WhatsApp, lambar nan mai ƙwaya 6 da sukan aiko ita ce mabuɗinsa. In ta fita, ɓarawo zai shiga da sunanka, ya riƙa roƙon abokan cinikinka kuɗi.

Sai maganar alat na ƙarya. A ce baƙo ya sayi buhun gero, ya nuna maka fuskar wayarsa, ya ce ya tura. Ko ma saƙo ya shigo taka wayar. Kada ka saki buhu tukuna. Ana iya ƙirƙira saƙo. Ka duba abin da ke cikin asusunka. In ya ƙaru, madalla. In bai ƙaru ba, kaya su tsaya. A nan ne karatu yake rana. Tsakanin 5,000 da 50,000 sifiri ɗaya ne tak, amma naira 45,000 ke nan. Kafin ka tura kuɗi kuma, sunan mai asusun yakan fito. Ka karanta shi sau biyu.

Mun sani, wanda bai iya karatu ba yakan miƙa wa mai POS katinsa, ya faɗi lambar sirri da ƙarfi cikin taro. Wani ma a bayan katin yake sa a rubuta masa ita. Wannan kamar a bar mabuɗi ne jikin kwado. Masu POS da yawa mutanen kirki ne, amma ba ka san wanda ke tsaye bayanka ba. Ka danna da kanka, ka kare da tafin hannu. Kada ka zaɓi 1234, ko shekarar haihuwarka. In kana da yaron kanti, ka ba shi aikin karɓa, amma ikon fitarwa ya zauna wurinka.

Wayar kanta fa? Ka sa mata makulli, ka sa wa layin ma nasa, gama ɓarawo yana iya cire layi ya sa a wata waya ya taɓa asusu. In ta ɓata, kada ka kwana. A ranar ka sa banki ya rufe asusun, kamfanin waya kuma ya toshe layin.

Saura abu guda. A watan Satumba na 2021, saboda ta'adin 'yan bindiga, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana. Aka yi watanni babu kira, babu taransifa. Waya na iya yin shiru, tana iya faɗawa rijiya. Saboda haka kowane mai sana'a ya nemi littafi. Ya rubuta abin da ya saya, da abin da ya sayar, da wanda yake bi bashi, da wanda ke bin sa. Ya rubuta lambobin abokan ciniki. Lambar sirri kaɗai ce ba ta shiga littafi, ita a ka take zama.

To, jama'a, kun ga ashe baƙaƙen nan da ƙidayar da muke koyo a aji su ne gadin dukiyarmu. Wanda ya iya karanta saƙonsa ba ya bukatar miƙa mabuɗinsa ga kowa. In kun koma gida, ku gaya wa iyalinku, musamman mata masu sana'a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da masu fura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare mana guminmu, ya ba ƙasarmu lafiya. Amin.