ZAFIN ƘAFA DA DARE: ME ZA A GWADA A GIDA, ME ZA A GUJE WA?

Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na Gwarzo, Getso, Kutama da Lakwaya, da na Kabo, Garo, Gude da Durun. Allah ya bar zumunci.

Yau maganarmu a kan ƙafa take. Akwai wani ciwo da ke hana mata da yawa barci, musamman waɗanda suka fara manyanta. Da rana ana ta hidima, sai an kwanta tafin ƙafa ya ɗauki zafi kamar an zuba barkono. Wata ta ce kamar ana caka mata allura, wata kamar kiyashi ke yawo a yatsunta, wata kuma ƙafar ce ta sage, in tana tafiya sai ta ji kamar auduga take takawa. A gida sai a ce sanyi ne, ko a ce wani abu ta taka.

To 'yar'uwa, sau da yawa wannan ciwon jijiya ne. Ba jijiyar jini nake nufi ba, jijiyoyin nan masu kai saƙo daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, masu gaya miki kin taka ƙaya ko ruwa ya yi zafi. Na ƙafa su suka fi tsawo a jiki, shi ya sa su ke fara lalacewa. Ciwon yakan faro daga yatsu, ƙafa biyu a tare, ya riƙa haurowa sannu a hankali. Babban abin da ke kawo shi ciwon suga ne, kuma likitoci sun ce kusan rabin masu suga sukan gamu da shi idan shekaru suka ja. Amma akwai wasu dalilan: ƙarancin sinadarin bitamin B12, wanda ake samu a nama, ƙwai, kifi da nono, ciwon ƙoda, kuturta, da ɗaya daga magungunan tarin fuka, wanda saboda haka ne ake haɗa shi da bitamin B6. Ita kanta ƙwayar suga ta metformin, idan an shekara da shekaru ana sha, takan rage B12 a jiki. Kada ki daina sha, ki gaya wa likita ya auna.

Ga abin da nake so ki riƙe kafin mu shiga maganar na'urori. Ƙafar da ke miki zafi da dare, ita ce kuma ƙafar da ba ta jin ƙuna sosai. Jijiyar tana aika saƙon ƙarya, na gaskiya kuma ba ya isa. Haɗarin ke nan.

Yanzu kaya iri-iri na shigowa har tsakar gida. Dillaliya ta kawo, ko ɗa ya sayo wa mahaifiyarsa daga birni don jin ƙai. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai 'yar na'ura mai batir da ake manna wa fata, tana ba da ɗan jan lantarki, wadda ake kira TENS. Wasu sukan sami sauƙin zafi na ɗan lokaci da ita, wasu ba sa samu. Ba ta gyara jijiyar da ta lalace. Ba a manna ta a kan rauni ko inda fata ta mutu gaba ɗaya, kuma mai juna biyu da wadda aka sa wa na'urar bugun zuciya su bar ta.

Akwai injin tausa mai karkarwa. In ba ya ɗumama ƙafa, kuma ba ki da rauni ko kumburi, zai iya kwantar da gajiya, iyakarsa ke nan. Takalmin nan mai ƙusoshin roba ko na katako da ake cewa yana motsa jini, mai suga ta nisance shi, domin yana iya huda tafin ƙafa ba ta sani ba.

Akwai fitila mai jan haske, da gorar roba ta ruwan zafi. Su da kaskon garwashin da muke kai ƙafa kusa da shi lokacin hunturu duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Mace sai ta yi barci ƙafarta na ƙonewa, sai da safe a ga bororo. In sanyi kike ji, ki sa safa mai laushi wadda ba ta matse ba.

Sai bahon da ake zuba ruwa da gishiri a jona wuta, ruwan ya koma ja ko baƙi, a ce miki dattin jikinki ne ya fito. Ba datti ba ne. Ƙarfen da ke cikin bahon ne yake tsatsa, kuma ko ba ki sa ƙafa ba ruwan zai sauya launi. Haka na'urar da ake ba ki ki riƙe wani ƙarfe, kwamfuta ta lissafo miki cututtuka goma, sannan a sayar miki da magani. Suga da jini ake auna shi. Kuɗin nan da kika tara na adashe ko na ƙuli-ƙuli, ki adana su don gwaji na gaskiya.

Mu zo kan namu na gida. Tsaga, ƙaho da sakiya a ƙafar mai suga ganganci ne, domin raunin mai suga ba ya saurin warkewa. Haka yanke kaushi da reza, da jiƙa ƙafa a ruwan zafi, da ɗaura dakakken ganye a kan miki. Daga ƙaramin rauni irin wannan ake kaiwa ga gyambo, daga gyambo a kai ga yanke ƙafa. Allah ya kiyashe mu.

Maganin kemis fa? Farasitamol da ƙwayoyin ciwon jiki ba sa yin wani abin kirki ga zafin jijiya, kuma yawan shan irin su ibuprofen da diclofenac yana ɓata ciki da ƙoda. Tramadol kuwa, kun ga abin da ya yi wa matasanmu, har da matan aure. Maganin tari mai kodin ma gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi tun 2018. Akwai magungunan da aka san suna rage wannan zafi, kamar amitriptyline, gabapentin, pregabalin da duloxetine. Likita ne kaɗai ke rubuta su, ana farawa da kaɗan, sukan sa barci ko jiri, kuma sai an yi makonni kafin a ga amfaninsu. Rage zafi suke yi, ba lallai ya tafi duka ba. Kada ki karɓi na kishiya ko na maƙwabciya, kuma mai ciki ko mai goyo ta faɗa wa likita tun da farko.

To me za ki yi? Na farko, a auna suga. Idan an auna da safe kafin karin kumallo aka sami 126, ko 7 a ɗaya ma'aunin, ko sama da haka, aka sake aka sami haka nan, to suga ne. Ana yin wannan gwaji a Babban Asibitin Gwarzo da sauran asibitocin gwamnati, in abin ya yi tsanani a tura ki Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daidaita suga shi ke hana ciwon ci gaba. A rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ganye, zogale, rama da wake. A janye suga daga fura, kunu da shayi, a bar lemon kwalba. Ki riƙa zagaya tsakar gida da takalmi, ko minti 30 ne a rana, ko da a rarrabe.

Na biyu, ga gwajin da ba ya cin ko kwabo, wanda likitoci a garin Ipswich na Ingila suka fito da shi a 2011. Ki kwanta ki rufe ido. 'Yarki ta taɓa kan babban yatsa, da na tsakiya, da ɗan autan yatsa na kowace ƙafa, da kan yatsanta, a hankali, na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba dannawa. Duk inda kika ji ki ce "na ji". In cikin shida akwai biyu ko fiye da ba ki ji ba, ƙafarki na bukatar likita.

Na uku, Allah ya ba mu alwala sau biyar a rana. Ki mai da ita lokacin duba ƙafa: tafi, diddige, tsakanin yatsu. In ba kya iya sunkuyawa, ki sa madubi ko jika ya duba miki. In kin ɗumama ruwa, ki gwada shi da gwiwar hannu tukuna. Ki tsane tsakanin yatsu da ƙyalle mai tsabta, ki shafa man kaɗanya ko basilin a kan faso, ban da tsakanin yatsu. Kada ki taka tsakar gida ba takalmi, musamman simintin da rana ta gasa, kuma ki kakkaɓe takalmi kafin ki sa. Farce a yanke shi a miƙe, kada a cinye gefe. In kin yi lalle, ki tabbata ba ya ɓoye miki wani rauni.

In kika ga rauni, bororo, kumburi, wari, ko yatsa ya fara baƙi, ko da ba ya ciwo, ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba.

Ina da saƙo ga masu gida, don na san wasu na kusa da rediyo. Malam, idan iyalinka ta ce ƙafa ta hana ta barci, ba raki ba ne. Ka ba ta izini, ka raka ta asibiti. Kuɗin mota da na gwaji bai kai na jinyar gyambo ba. Ke kuma 'yar'uwa, ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance ki yi masa bayani, ki nuna masa ƙafar. In kina jin nauyi, uwar miji ko yayarsa ta isar miki.

Wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.