Ranar Da Ta Ke Ƙona Mu Tana Iya Ba Mu Wuta

Jama'ar kasuwar Arzeke a Paraku, da ku mutanen zangon Jugu, ku kasa kunne kaɗan, gama maganar yau ta shafi cinikinku.

Tsofaffi suna cewa damina ta sake hali. Gaskiyarsu. Hayaƙin kwal da fetur da gas da duniya ta ke ƙonawa yana taruwa a sama, yana tsare zafi kamar bargo. Sai ruwa ya yi jinkiri, ko kuwa ya zo da hauka, kamar a 2010, sa'ad da rigyawa ta taɓa gundumomi 55 cikin 77 na ƙasarmu. Rabon Benin cikin hayaƙin nan kaɗan ne ƙwarai, amma gonakinmu ba su tsira ba.

To, daga ina wutar lantarkinmu ta ke zuwa? Shekara da shekaru muna saye daga Gana da Nijeriya. A 1998 ruwan madatsar Akosombo ya janye, Kwatano ta sha duhu. A 2023 Nijeriya ta cire tallafin mai, kuɗin kpayo ya hau, tela mai janareto da mai ƙanƙara da ɗan zemijan duka suka ji a jikinsu.

Rana kuwa, Allah ya ba mu ita kyauta. Ba ta bi ta hannun kwastan, ba ta kuwa yin hayaƙi. A 2022 aka buɗe tashar hasken rana ta Illoulofin kusa da Pobe, mai megawat 25. Can kudu ke nan fa, inda gizagizai suka fi namu yawa! A 2022 ɗin kuma gwamnati ta sa hannu domin a gina waɗansu huɗu, a Bohicon da Paraku da Jugu da Natitingu, megawat 50 gaba ɗaya.

Madalla. Amma sa hannu a takarda ba ya kunna fitila, kowane watan jinkiri kuwa ku ne ku ke biyansa a kwalabar fetur. Saboda haka in magajin gari ko ɗan majalisa ya shigo kasuwa, kada ku tsaya kan gaisuwa. Ku tambaye shi ina aikin ya kai, ko waya za ta iso rumfunan zango, nawa kuma za a biya kafin a sa mita.

Ku mata masu adashi, kwasa ɗaya ko biyu tana iya sayen allon hasken rana da batir, ya ba rumfa fitila, ya yi cajin waya. Sai dai ku nemi takardar garanti, gama jabu ya yi yawa. In hunturu ya shigo, ku riƙa share ƙura daga kan allon kowace safiya.