Murar Da Ba Ta Jin Kafso

 

Da yawanmu nan Ibadan muna fama da wata mura wadda ba ta sanyi ba ce. Mu kwance buhun gero a Bodija, sai atishawa goma a jere, ido na ƙaiƙayi, hanci na yoyon ruwa, amma babu zazzaɓi. Likitoci sun ce jiki ne ke faɗa da abin da bai kai a yi faɗa da shi ba: ƙura, garin furen ciyawa, kashin kyankyaso, da funfunar da laimar kudu ke kawowa ɗakunanmu. Ba a ɗaukarta wurin wani.

To jama'a, kafso ja-da-baƙi da muke saye a kemis ba ya yi mata komai, asarar kuɗi ce kurum. Piriton yana kwantar da ita, amma fa yana sa barci. Direbobinmu masu hanyar Kano, don Allah a kiyaye, a tambayi likita loratadine. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci kuwa kada ya wuce kwana 7, in ya wuce toshewar ƙaruwa take yi. Mu riƙa shanya katifa a rana. Yaron da ƙirjinsa ke kuka da dare, a kai shi asibiti, kada asma ce.