Matashi da Sha'awar Haɗa Kiɗa: Daga Ina Za a Fara?

(Jawabin da aka gabatar a zaman wata-wata na reshen matasan ƙungiyarmu a Sabo, Ibadan)



 An umurce ni in ɗan yi bayani a kan wata tambaya da ƙannenmu suke yawan tare ni da ita, a ƙofar masallaci ko a wurin mai shayi: "Yaya, ina so in koyi haɗa kiɗa, wace manhaja zan sa a kwamfuta?" To, yau zan amsa a gaban kowa, don iyaye ma su ji, tunda aljihunsu ne yake jin jiki.

Amsata a taƙaice ita ce: manhaja ba ta koya wa kowa kiɗa. Kayan aiki ce kawai, kamar keken ɗinki. Ka saya wa yaro keke mafi tsada a kasuwa, in bai zauna gaban tela ya koyi yanka ba, yadin mutane zai ɓata. Na san wani yaro da ya matsa wa mahaifiyarsa ta fasa adashinta ta saya masa kwamfuta. Aka cika masa ita da manhajoji har shida. Bayan shekara guda ko waƙa ɗaya bai gama ba, kullum yana tsalle daga wannan zuwa waccan. Kun ga kuwa taura biyu ba ta taunuwa, balle shida.

Bari mu ɗan waiwaya. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu da 'yan amshi ya yi sunan da ya yi. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi, amma ya zaga duniya da shi. Barmani Choge ƙwarya ce kayan kiɗanta. A shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, sai fiyanon Yamaha ya shigo, mutum ɗaya ya riƙa fitar da sautin ganga da sarewa da goge daga na'ura guda. Daga baya kwamfuta ta karɓe, yanzu kuma har wayar hannu tana yi. Kaya suna ta sauyawa, amma abin da yake sa a saurari waƙa bai sauya ba: kunne mai kyau, da magana mai ma'ana, da haƙuri.

To, yanzu ga batun zaɓi. Kada ka tambayi wace ce ta fi kyau a duniya. Tambayi kanka abu uku: wace na'ura gare ni a hannu, nawa gare ni, kuma wa zai koya mini in na maƙale?

In waya kawai gare ka, ba sai ka jira kwamfuta ba. Akwai BandLab, kyauta ce, tana aiki a Android da iPhone. Za ka iya ɗora kiɗa, ka ɗauki muryarka, ka ƙara amshi a kai. Sai dai tana son data. Masu iPhone kuma suna da GarageBand ta kamfanin Apple, ita ma kyauta.

In kwamfuta gare ka, sunan da za ka fi ji a situdiyon ƙasar nan shi ne FL Studio. Kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne yake yin ta. Da can sunanta FruityLoops, a 2003 aka sauya mata suna. Abin da ya sa mai koyo yake jin daɗinta shi ne yadda take jera 'yan akwatuna a layi: ka danna nan ganga ta buga, ka tsallake nan ta yi shiru, kana ganin kiɗan da idonka. In ka saya sau ɗaya, duk sabon bugun da ya fito kyauta za ka samu. Akwai ta gwaji da ake saukewa ba ko kwabo, amma ku lura, za ka iya ajiye aikinka, sai dai ba zai sake buɗuwa ba sai ka biya. Kuma hawa-hawa ce, kafin ka saya ka tabbata wadda za ka ɗauka tana ɗaukar murya.

Akwai kuma Cubase ta kamfanin Steinberg na Jamus, wadda ta fito tun 1989. Masu ɗaukar murya suna ji da ita ƙwarai, amma tana da ɗan nauyi ga sabon shiga. Akwai Reaper, wadda ba ta cinye ƙarfin kwamfuta, ana ba da kwana 60 na gwaji, farashinta kuma da sauƙi. Sai Audacity, kyauta ce tun fitowarta a 2000. Ita ba ta haɗa kiɗa ba ce sosai, aikinta ɗaukar murya da yankewa da gyarawa. Iyayenmu malamai, wannan ta ƙarshe har ku za ta yi wa amfani, wajen ɗaukar karatu ko wa'azi ko waƙoƙin ɗaliban Islamiyya.

Shawarata ita ce, ka duba wadda mutanen da ke kusa da kai suke amfani da ita, ka ɗauke ta. Ranar da sauti ya ɗauke maka da tsakar dare, maƙwabcin da ya san kanta ya fi maka littafi goma. In ka zaɓa kuma, ka yi mata zaman wata shida cur ba ka leƙa wata ba.

Ina kuma jan kunnenku game da manhajar sata, wadda ake ɗura wa mutum a kan 'yan kuɗi kaɗan. Na farko dai haƙƙin wani ne. Na biyu, sau da yawa da cuta take zuwa, ta lalata kwamfuta, aikin wata uku ya tafi a banza. Tunda ga na kyauta na halal, me ya kai ka?

Game da kaya, kada a ruɗe ku. Kwamfuta mai RAM gigabait 8 ta ishi mai farawa. In da 'yan canji, abin saurare na kunne mai kyau za ka fara saya, kafin makirfo, kafin fiyano. Kuma tunda mun san halin wuta, kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir mai rai ta fi ta tebur. Ka saba da adana aikinka duk bayan 'yan mintuna, ka kuma ajiye kwafi a wani wuri dabam.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan muhimmanci, wato abin da za ka koya.

Na ɗaya, bugu. Kowace manhaja tana da ɗan agogo mai ƙas-ƙas da ke riƙe saurin kiɗa. Kunna shi, ka yi tafi tare da shi minti goma kullum har jikinka ya saba. Ga wani sirri: manhajojin nan in ka buɗe su, suna raba kowane bugu gida huɗu ne. Kiɗanmu na gargajiya kuwa da yawa uku-uku yake tafiya. Shi ya sa yaro zai ɗora sautin kalangu, amma ya ji abin ya sandare kamar faretin soja. Ba laifin sautin ba ne, rabon ne bai sauya ba.

Na biyu, sanin hawa da saukar sauti. Ba sai ka iya fiyano kamar Bature ba. Dubi baƙaƙen maɓallan nan, biyu da uku, biyu da uku. Sauti biyar ke nan, kuma waƙoƙinmu da yawa a kan sauti biyar suke yawo. Ɗauki waƙar da ka haddace tun kana yaro, ka lalubo ta da yatsa ɗaya. In ka yi wa waƙa goma haka, kunnenka ya buɗe.

Na uku, kuma nan nake so 'ya'yanmu haifaffun Kurmi su kasa kunne, shi ne karin harshe. Hausa tana da hawa da sauka a cikin kalma. Kuka na hawaye dabam, kuka ta miya dabam, rubutu ɗaya ne amma murya ta raba su. In karin waƙarka ya hau inda kalma take sauka, ka karya ta, Bakano ko Basakkwace yana ji zai san da matsala. Na'urar gyaran murya da ake kira Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, tana daidaita sauti, amma ba ta jin Hausa. Saboda haka kafin ka rera baiti, faɗe shi da baki kamar kana hira, ka saurari inda ya hau da inda ya sauka, sannan ka gina waƙar a kai. In kana shakka, je ka karanta wa kakarka. Ita ce babbar injiniyarka.

Zamanmu a nan ma wata dama ce da 'yan'uwanmu na gida ba su da ita. Sabon nan tun 1916 take, mun yi fiye da shekara ɗari muna maƙwabtaka da Yarabawa. Gangarsu mai magana 'yar'uwar kalangu ce, dukansu matsa tsirkiya ake yi a hammata sauti ya hau ko ya sauka. Kiɗan Fuji da Sikiru Ayinde Barrister ya ɗaukaka, daga tashin mutane sahur a watan azumi ya samo asali. Ku je ku zauna da makaɗansu, ku kalli hannunsu. Amma koyo dabam, kwashe dabam. Kada ka yanko kiɗan wani ka liƙa a naka ba izini, akwai dokar haƙƙin mallaka, kuma ko ba doka abin kunya ne.

Ga aikin gida. Daga yau zuwa zamanmu na wata mai zuwa, duk mai sha'awa ya haɗa waƙa ɗaya ta minti ɗaya: ganga, da sauti guda a kanta, da baiti biyu da amshi. Kada ta wuce haka. Ko ba ta yi daɗi ba, a dai gama ta. Wanda ya gama ƙananan waƙoƙi ashirin marasa daɗi ya fi wanda ya shekara yana gyaran guda ɗaya. Da koyo akan iya.

Iyaye kuma, roƙona gare ku, kada ku saya kafin ku gani. Yaro ya fara da wayar da ke hannunsa, in ya kawo muku waƙa biyar da ya gama, a yi maganar kwamfuta. Ku kuma saurari abin da yake faɗa a ciki, don sunan gidanku da na unguwarmu yake ɗauke da shi. Matasa, kada wannan ya hana ku salla a kan lokaci, ko makaranta, ko sana'ar da kuke ci da ita.

Nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure a gafarce ni. Allah Ya bar mu tare, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.