Bindigar silima da bindigar gaskiya

Jawabi ga 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na Mallawa



Yaron Mallawa ya san bindiga tun bai taɓa ta ba. A da, gidan kallon bidiyo ne makarantarsa, inda ake jona kaset da injin, a zauna kallon Sholay na Indiya, na 1975, ko Commando na Amurka, na 1985. Yau wayar salula ta kawo masa wannan darasi har cikin ɗaki, tare da finafinan Kano da ke tsallako iyaka. Abin dubawa shi ne irin karatun da wannan malami yake bayarwa.

A silima, jarumi yakan yi ta ɓarin wuta ba ya tsayawa. A gaskiya kuwa, kalashinkof harsashi 30 take ɗauka, kuma in aka danne kunama, cikin daƙiƙa uku sun ƙare. A silima, mutum yakan laɓe bayan ƙofar mota ya tsira, alhali harsashin wannan bindiga huda ƙofar yake yi ya wuce. A silima, akan harba sama don murna, ba a nuna inda dalmar ta faɗo, ga shi kuwa duk abin da ya hau sai ya sauko, wani lokaci bisa kan yaro. Mafi muni, jarumi yakan nuna abokinsa da bakin bindiga cikin raha, yatsa bisa kunama, a tashi lafiya.

To, su kansu masu shirya finafinan ba su tashi lafiya ba. A watan Maris na 1993, Brandon Lee, ɗan Bruce Lee da kowane mai kallo ya sani, ya mutu a Amurka yana da shekara 28, ana cikin ɗaukar fim ɗin The Crow. Wani kan harsashi ne ya maƙale cikin bututun bindigar, ba wanda ya leƙa. Da aka harba albarushin wasa, sai ya turo shi. Ranar 21 ga Oktoba 2021 kuma, bindigar da ke hannun ɗan wasa Alec Baldwin ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, bayan an shaida masa cewa ba harsashin gaske a ciki. A 2024 kotu ta yanke wa mai kula da makaman fim ɗin ɗaurin wata 18. Idan inda aka ɗauki mutum musamman don tsaron bindiga haka ta faru, ina ga ɗakin da aka jingine adaka bayan ƙyaure, yara suna shiga suna fita?

Maharban ƙasar Damagaram sun gaji ƙa'idojin da silima ba ta nunawa. Kowace bindiga a ɗauke ta a ɗure take. Ba a nuna mutum da bakinta, ko da wasa. Yatsa ba ya zuwa kunama sai lokacin harbi. Albarushi dabam, bindiga dabam, nesa da hannun yara.

Ƙasar Nijar ta san kuɗin wannan darasi. A 1994 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai, kuma ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙona bindigogi a Agadas, bayan tawayen arewa. Amma hukuma ba ta shiga ɗakin kowa. Ɗan kasuwar da ke kawo bindigogin roba lokacin salla, da mai gidan kallo, da malamin makaranta, da uban da ya saya wa ɗansa waya, kowannensu yana da bakin gaya wa yaro cewa wanda aka harbe a fim yakan tashi ya karɓi kuɗinsa, na gaske kuwa sai makara.

In abin ya auku, akan ce tsautsayi ne. Amma harsashi zarar bunu ne, in ya fita ba ya komawa, kuma wanda ya bar bindiga a ɗure shi ya buɗe wa tsautsayin ƙofa.

Allah ya kiyaye zuri'a, ya zaunar da ƙasa lafiya.