Yaron da ya canza hali: ina za a kai shi a nan Abidjan?

Jawabin da wata ma'aikaciyar walwalar jama'a ta yi wa iyayen 'yan makaranta a Adjamé, bayan komawar lakwal

Na san wasu sun bar tebur a kasuwa, wasu sun taso tun daga Treichville, saboda haka ba zan riƙe ku da yawa ba.

Bara wata baiwar Allah ta kawo mini ɗanta, ɗan shekara 9. Ta ce tun da suka iso garin nan ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana ƙarami. Mushensu ya ce barci yake yi a aji, kuma in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin tebur. Ubansa ya dake shi har ya gaji. Da muka zauna da yaron, sai a zama na uku ya buɗe baki: ashe ranar da aka far wa ƙauyensu yana leƙe ta tagar ɗaki, ya ga komai. Shekara biyu babu wanda ya tambaye shi, don an ɗauka yaro ne, ya manta.

Yaro ba ya mantawa, bakin faɗa ne ba ya da shi. Sai abin ya fito ta wata hanya: mugun mafarki, ciwon ciki ko ciwon kai kullum da safe lokacin tafiya lakwal, faɗa da yara, ƙin cin abinci, ko shiru. Wannan shirun shi na fi tsoro, domin shi ne muke yaba wa, mu ce yarinyar nan akwai kunya da natsuwa. Ku ƙara da wahalar Faransanci ga wanda ya taso da Hausa ko Fulatanci, a sa shi aji ɗaya da ƙannensa suna yi masa dariya. In canjin ya wuce 'yan makonni, yana taɓa barci, ci ko karatu, lokacin neman taimako ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata damuwa ta ƙwaƙwalwa. Ba gidanku kaɗai ba ne.

To, ina za a je? Ku fara da mushe ko darektan lakwal. Ba sai kun ba da tarihinku duka ba, ya isa ku ce yaron ya ga tashin hankali, a riƙa lura da shi. Ku sani kuma tun 2009 an hana dukan yara a makarantun Kodebuwa. Daga nan akwai asibitin 'yan makaranta, wanda ake kira médico-scolaire, da kuma centre social na unguwa. Su za su duba ko ciwon jiki ne, kamar rashin jini, raunin ido ko kunne, don wani yaron da ake ce wa daƙiƙi allon ne kawai ba ya gani.

In abin ya fi ƙarfinsu, ba sai an bar Adjamé ba. A cikin INSP, wato cibiyar lafiyar jama'a ta ƙasa, akwai Centre de Guidance Infantile, inda ake duba yara masu jinkirin magana, matsalar hali ko firgita. A nan INSP ɗin kuma akwai sashen Hygiène Mentale na matasa da manya. Ana ganin likita ne a dawo gida, ba kwantarwa ake yi ba. Na faɗi haka ne don na san abin da ke ranku: da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai ku tuna Bingerville, ku ce za a kira ɗana mahaukaci, gobe wa zai auri 'yata? Asibitin Bingerville na waɗanda ciwonsu ya yi tsanani ne, kuma can ma ana samun sauƙi a dawo gida. Mafi yawan yaranmu magana, zane da wasa ake yi da su, ba ko allura. Abin da kuka faɗa wa likita kuma sirri ne, ba ya shafar takardunku na DAARA ko na HCR.

Malamai, ku gafarce ni. Ban zo in ce a bar addu'a ko ruƙiyya ba, ni ma da su na tashi. Amma a haɗa biyun. Yaron da ke faɗuwa yana kumfar baki, sau da yawa farfaɗiya ce, kuma tana da magani. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ɗaure yaro, hana shi abinci, ko dukansa da sunan fitar da iska.

Samari kuma, kun ji labarin kadhafi, ƙwayar taramol da suke haɗawa da abin sha mai sa maye. Wani damuwa ce ta kai shi, ba iskanci ba. Kora daga gida tana miƙa shi ne ga 'yan tasha. Croix Bleue da ke Williamsville aikinsu ke nan, raba mutum da shaye-shaye.

Abu ɗaya ba ya jiran gobe. In yaro ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya yanki jikinsa, ko ya sha wani abu, kada ku ce wasa yake. Kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke magunguna, wuƙa da maganin ɓera, a kai shi sashen gaggawa na CHU Treichville ko asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne. In kuwa wani ne ke cutar da yaron, a gida ko a lakwal, lamba 116 kyauta ce.

Iyayena mata, saura ku. Uwar yaron da na ba ku labari, da na tambaye ta ita yaya barcinta, kuka ta fashe da shi. Ita ma ta fara ganin likita, kuma yaron bai samu sauƙi sosai ba sai da ita ta samu. Yanzu yana aji na gaba, fitsarin ya ragu, bai tsaya gaba ɗaya ba tukuna. Maza ma haka: wanda ya bar gona da shanu ya dawo tura baro a Adjamé, in ya zama mai saurin hannu a gida, ya zo mu yi magana, akwai namiji cikinmu da zai saurare shi.

Ranar zuwa asibiti ku riƙe karnen lafiyar yaro, takardarku ta zama, da katin CMU ga mai shi. Ku biyo ta ofishinmu tukuna mu duba batun kuɗin ganin likita da na mota, mu kuma haɗa ku da mai fassara, don kada a sa yaron ya fassara ciwon kansa a gaban iyayensa. Mai tambayar da ba ya son yi a cikin jama'a, ina nan bakin ƙofa bayan an shafa fatiha. Allah ya raya mana su.